Siminti ya yi sauƙi, to wa ke biyan kuɗin ƙurar?



Tun watan Oktoba na 2024 da gwamnati ta rage farashin siminti, zancen gini bai bar bakin mutane ba. Kun tuna damanar wannan shekarar. Ruwa ya ci rayuka sama da 300, mutum fiye da miliyan guda suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, gidajen ƙasa suka zube ba adadi, har tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda kakannin kakanninmu suka yi salla cikinsa, bai tsira ba. Bayan haka ne aka yi ragin kusan kashi 35 cikin 100, ton guda na simintin da aka fi gini da shi ya dawo jikka 55 a Yamai, wato buhu ɗaya jikka 2 da dala 150. Kowa ya yi murna, mu ma mun yi. Wanda ɗakinsa ya faɗi ya samu ƙwarin gwiwar sake tada shi, ɗan ci-rani da ke aiko kuɗi kaɗan-kaɗan ya ce a fara zuba mashi harsashi.

Amma yau ba farashi muka zo tattaunawa ba. Mun zo ne kan mutumin da ke tsaye cikin farar ƙurar nan tun safe har yamma, don buhun ya iso gare mu.

Siminti ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Masana'antar Malbaza, cikin jihar Tawa, bisa babbar hanya gabas da Ƙonni, tana nan tun shekarun 1960. A 2019 aka buɗe sabuwa a garin, wadda aka ce tana iya fidda ton 650,000 a shekara. Ku lissafa da kanku: buhu 20 ke yin ton guda, ke nan buhu miliyan 13. Ga kuma wata da ƴan Sin suka gina a Badagishiri cikin ƴan shekarun nan. Aiki ya ƙaru, matasa sun samu abin yi, kuɗin da a da ake fitarwa waje don sayo siminti wani kaso nasa na zama gida. Ba mai hankalin da zai ƙi wannan. Sai dai duk buhun da ya ƙaru, hannuwan da ke taɓa shi sun ƙaru, ƙirazan da ke shaƙar ƙurarsa ma haka.

Bari mu bi hanyar da siminti ke bi, don ku ga inda ƙurar ke tashi. Ana fasa dutsen farar ƙasa a mahaƙa, a kai shi injin da ke farfasa shi, a haɗa da yumɓu, a niƙe ya zama gari. Garin nan ake turawa cikin wata doguwar tanda mai juyawa, wadda zafinta ke kai digiri 1,450, ya fito dunƙule-dunƙule kamar tsakuwa, shi ake kira kilinka. A sake niƙe kilinka da ɗan wani farin dutse mai laushi, jips, sannan a ɗura cikin buhuna, a loda a manyan motoci. A kowane mataki ƙura na tashi. Inda ta fi yawa kuwa, duk masana'antar da aka auna a duniya amsar kusan guda ce: wurin fasa dutse, wurin niƙa, wurin ɗura buhu da lodi, da kuma wajen masu shara, waɗanda ake turawa su kwashe garin da ya zube ƙarƙashin injuna.

To, wani zai ce, mu ƴan Sahel, ƙura za a faɗa mana? Mu da hunturu ke rufe mu da hazo wata uku? Gaskiya ne, amma ƙura suna ta tara. Wadda ido ke gani, mai sa gira da gemu su yi fari, mafi yawanta hanci da maƙoshi ke tare ta, mutum ya fyace ko ya yi kaki ta fita. Mugunyar ita ce wadda ba a gani. Kaurin silin gashin kai guda ya ninka ƙwayarta fiye da sau goma. Ita ba ta tsayawa a hanci, wucewa take har can ƙarshen huhu, inda iska ke shiga jini. Kuma mutumin da ke zaune yana shaƙar iska kamar lita 6 zuwa 8 a minti guda. Wanda ke ɗauke da buhu mai kilo 50 yana haki, abin da yake ja ya ninka haka sau biyar ko fiye, galibi ta baki, inda ba gashin da zai tace komi.

Na biyu, garin siminti ba kamar rairayi yake ba. Da ya haɗu da ruwa sai ya zama mai cin fata, dangin sodar nan da mata ke haɗa sabulu da ita. Ido jiƙe yake, cikin hanci jiƙe yake, hanyoyin numfashi jiƙe suke, gumi ma ruwa ne. Shi ya sa za ku ga magini da hannu duk ya tsattsage, ɗan dako da wuya da kafaɗa sun saɓule, idanu jajur. Abin da yake yi wa fata a fili, irinsa yake yi a ɓoye cikin ƙirji, kaɗan-kaɗan.

Cutar da likitoci suka fi dangantawa da wannan ƙura ita ce kumburi da toshewar hanyoyin numfashi. Tana farawa da tarin safe da majina, mutum ya ce sanyi ne. Shekara ta zagayo tarin bai tafi ba. Sannu a hankali sai ya lura in ya hau tudu ko ya yi saurin zuwa masallaci numfashi na gagararsa, ƙirji na shewa da dare. Abin da ya lalace a huhu ta wannan hanya ba ya komawa yadda yake. Magani na sassauta wahala, yana rage saurin lalacewar, amma ba ya maido da jiya. Akwai kuma wata, silikoz, wadda ƙurar duwatsu masu sinadarin silika ke haddasawa, tana barin tabo cikin huhu har ya ƙandare. A nan sai mu faɗi gaskiya yadda take, kada mu tsorata mutane a banza: simintin da ya riga ya shiga buhu silikarsa kaɗan ce. Haɗarin silikoz ya fi ga masu aikin mahaƙa, masu fasa dutse, da masu shiga cikin tanda su canza tubalan da ke jikinta. Ƴan uwanmu masu haƙar zinariya a Jado da Cibarakaten, su ma ta wannan ƙofar take shigar masu, kuma tasu ta fi muni. Muguntar silikoz ita ce tana buɗe wa tarin fuka ƙofa: mai ita ya fi wanda ba shi da ita haɗarin kamuwa kamar sau uku.

Wannan ba zancen majalisar shayi ba ne, an auna. Nan kusa da mu, a Sakkwato, wani bincike da aka wallafa a 2007 ya gwada ƙarfin numfashin ma'aikatan siminti da na mutanen da ba sa aikin, aka samu na ma'aikatan ya yi ƙasa. An samu irin haka a Tanzaniya da Habasha. A Turai, inda injuna suka fi namu tsabta nesa ba kusa ba, an bi kusan ma'aikata 5,000 a masana'antu 24 na ƙasashe 8 har shekara huɗu, sakamakon ya fito a 2016: wanda ya fi shaƙar ƙura, numfashinsa ya fi saurin raguwa. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kuma sun ƙiyasta cewa a shekarar 2016 kaɗai, mutum kimanin 450,000 suka mutu sanadin ƙura, hayaƙi da gurɓatacciyar iskar wurin aiki, a sana'o'i daban-daban.

Cikin binciken Tanzaniya akwai abin da ya fi ba mu sha'awa. Da aka koma bayan wasu shekaru, an gyara na'urorin kama ƙura a masana'antar, sai aka tarar ƙurar ta ragu, koke-koken tari ma sun ragu. Ke nan abin ba ƙaddarar da ba ta da makawa ba ce. Ana iya yin siminti ba tare da an cinye ƙirjin mai yinsa ba, in an yarda a kashe kuɗin.

Yanzu ga inda mu muke ganin gizo ke saƙa. Haɗarin aiki iri biyu ne. In inji ya cire wa mutum yatsa, kowa ya gani, jini ya zuba, akwai shaidu, akwai rana da sa'a. Ita ƙura ba ta da rana. Tana iya ɗaukar shekara goma, sha biyar, ashirin kafin ta nuna kanta, lokacin mutum ya daɗe da barin ƙofar kamfani, ya koma ƙauye, yana zaune gindin bedi yana tari. Wa zai haɗa tarin nan da aikin da ya yi tun yana saurayi? Iyali su ce tsufa ne, wasu su ce sammu ne, a yi ta sayen jiƙo da turare, a sayar da akuya, a sayar da gona. Ɗan da ke Aljeriya ya aiko kuɗin da ya tara na gini, a kashe su wurin magani. Kun ga ashe kuɗin ƙurar an biya su, sai dai ba cikin farashin buhu ba.

Mun san wani dattijo a unguwarmu da ya yi shekaru yana sauke siminti a wani shagon ɗan kasuwa. Ƙato ne a da, ana kiransa in mota ta zo tsakar dare. Mota mai ton 30 buhu 600 ke nan, su kaɗan ke sauke ta, cikin ɗakin ajiya marar taga, ana jefa buhu bisa buhu ƙura na turnuƙewa har ba ka ganin na kusa da kai. Yau alwala ma sai ya huta tsakani. Ba ya da takarda ko guda da ke nuna ya taɓa yin wannan aiki. Hausawa na cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A nan kam ƙura ce ke bugun, mai shan ta kuma lebura ne.

Doka fa akwai ta. Kundin dokar aiki na Nijar na 2012 ya ɗora wa mai ba da aiki nauyin kare lafiya da rayuwar ma'aikatansa, da kula da su ta fannin likita, kuma ya ce ma'aikatar da ke da mutum 10 ko fiye ta kafa kwamitin tsaro da lafiya wanda wakilan ma'aikata ke ciki. Ƙasarmu ta sa hannu tun 1993 ga yarjejeniyar duniya kan gurɓatar iska, ƙara da jijjiga a wurin aiki. Asusun CNSS, wanda mutane suka fi sani da Kes, yana da reshen haɗarin aiki da cututtukan sana'a, kuma kuɗin wannan reshe mai ba da aiki ne ke zuba su, ba a cire su daga albashin ma'aikaci. Duk wannan yana da kyau a takarda. Amma takarda na kare wanda sunansa ke cikinta ne. Ma'aikaci na dindindin mai lambar Kes yana da inda zai dafa. To wanda ɗan kwangila ya ɗauko na yini guda fa? Mai shara, mai lodi, yaron mota, mai buga bulo a bakin hanya, leburan da ke kwaɓa siminti da yashi ba takalmi? Aikin da ya fi ƙura shi ne galibi ake ba wanda ya fi arha, wanda ya fi arha kuma shi ne wanda ba a rubuta ba. Ba a Nijar kaɗai ba, haka abin yake a wurare da yawa, amma mu tamu ta dame mu.

Akwai wata al'ada da muke so mu taɓa, ko da wasu za su ji haushi. Shan madara bayan aiki. Mutane da yawa sun yarda cewa gwangwanin madara ko ƙwaryar nono na wanke ƙurar da aka shaƙa. Jama'a, madara ciki take zuwa, ƙura huhu take zuwa, hanyarsu ba guda ba ce. A sha madara don abinci ce mai gina jiki, madalla. Amma duk wanda ya miƙa maka madara a madadin kariya, ya sallame ka da arha.

Haka rawani ko ƙyallen da ake ɗaurewa a hanci. Yana tare manyan ƙwayoyi, ya fi babu, amma ƙananan nan da muka faɗa wucewa suke kamar sauro ta ƙofar zana. Takunkumin likita mai shuɗi da muka saba da shi lokacin korona shi ma ba don wannan aka yi shi ba, gefensa a buɗe yake. Wanda aka yi don ƙura shi ne mai rubutun FFP2 ko N95 a jikinsa, mai tace kashi 94 zuwa 95 cikin 100, in ya zauna daram a fuska. In akwai gemu mai yawa iska na bi ta gefe, wannan gaskiya ce da ya kamata mai gemu ya sani, a nemo mashi irin da ya dace ko a sauya mashi wurin aiki. Kuma mu yi adalci ga ma'aikaci: a watan Afrilu, zafi digiri 44, mutum na ɗauke da buhu, takunkumi ya jiƙe da gumi cikin rabin sa'a. In ya cire, kada a yi saurin cewa taurin kai ne. Wanda aka ba takunkumi guda a ce ya yi mako da shi, ba a ba shi komi ba.

Don haka ne masana wannan fanni ke cewa takunkumi shi ne katanga ta ƙarshe, ba ta farko ba. Ta farko ita ce hana ƙurar tashi: rufe bel ɗin da ke jan kaya, na'urorin tsotse ƙura a wurin niƙa da wurin ɗura buhu, a kuma riƙa gyara su in sun lalace, yayyafa ruwa a mahaƙa da hanyoyin motoci, kwashe garin da ya zube da injin tsotsa maimakon tsintsiya. Mafi muni shi ne hure ƙura da iskar kwamfaresa, ko a ƙasa ko a jikin tufafi, don wannan maida ta cikin iska ne kawai, kowa ya samu rabonsa. Akwai misali daga Turai da ke nuna gyara daga tushe na aiki: wani sinadari cikin siminti mai suna kurom shi ke sa wa magina ƙaiƙayi da gyambon hannu da ba ya warkewa, tun 2005 Tarayyar Turai ta tilasta a rage shi tun daga masana'anta, cutar kuwa ta ja baya ƙwarai. Ba magina aka yi wa wa'azi ba, simintin aka gyara.

To me muke nema? Abu ne da ba ya buƙatar sabuwar doka. A auna numfashin kowane ma'aikaci ranar da aka ɗauke shi, da ƴar na'urar nan da ake busawa, a sake aunawa lokaci-lokaci, a haɗa da hoton ƙirji ga masu aikin dutse (a likita "radiyo" suke ce mashi, amma ba irin tamu ba). Sannan a ba mutum kwafin sakamakonsa a hannu, ya kai gida ya adana. Awon farko shi ne shaida. In ba shi, bayan shekara goma sai a ce da ma can haka ka zo. A auna ƙurar kowane sashe, a manna sakamakon inda ma'aikata za su gani. Kamfanin da ya ba ɗan kwangila aiki ya tabbata mutanen da ɗan kwangilar ya kawo suna da rajista a Kes, tunda ƙurar da suke shaƙa ba ta tambayar wa ya ɗauke su. Masu binciken aiki na gwamnati su samu mota da mai da na'urar awo, su shiga ba tare da an share masu hanya ba. Gwamnatin da ta iya zama da masu masana'antu ta daidaita farashi, tana iya zama da su kan wannan. Ƴan sandika kuma, muna jin muryarku kan albashi da kuɗin kaza da kaza, kuma haƙƙinku ne. Muna so mu ji ta da irin wannan ƙarfin kan awon huhu, ba sai ranar 28 ga Afrilu ta kiyaye lafiya a wurin aiki ba.

Masu shagunan siminti a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, ku ma da ku muke. Taga biyu masu fuskantar juna a ɗakin ajiya, ruwan wanka da sabulu a bakin shago, kwalin takunkumi na gaske: duka ba su kai ribar mota guda ba.

Kai kuma mai aikin, kafin manya su motsa, akwai abin da ke hannunka. Kada ka shiga gida da kayan aiki. Matarka za ta kakkaɓe su a tsakar gida, yara na wasa kusa, ka raba masu abin da ba su ci kuɗinsa ba. Ka yi wanka kafin ka ɗauki jariri. In siminti ya faɗa maka ido, ka yi ta zuba ruwa mai tsabta minti 15 zuwa 20 ba tsayawa, sannan ka nufi likita, kada ka murza. In kana shan taba ko shisha, ka sani wuta biyu kake hura wa huhu guda. Tarin da ya wuce mako biyu, balle da rama, zufar dare ko jini cikin kaki, a je a gwada majina. Maganin tarin fuka kyauta ne a ƙasar nan, wata shida ake sha, kuma ana warkewa. In ka je, ka faɗa wa likita aikin da kake yi da shekarun da ka yi kana yinsa, ko bai tambaya ba, ka roƙe shi ya rubuta cikin karnenka.

Sannan takardu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Takardar albashi, katin shiga ma'aikata, lambar Kes, ko da hoton da ka ɗauka da waya a wurin aiki, ka adana su inda ruwa da gara ba za su kai ba. Wanda ke da rajista ya je ofishin Kes na jiharsa ya tambaya ko ana zuba mashi kuɗin da gaske, kada ya jira ranar ritaya.

Ku kuma na ƙetare, da yawanku aikin gini kuke a Libiya da Aljeriya, kuna kwana cikin gidan da ba a gama ba, kusa da tarin buhuna, ba takarda ba asibiti. Duk abin da muka faɗa ya shafe ku kafin kowa. In kun aiko kuɗin siminti gida, ku ƙara ɗan abin da za a saya wa magini da leburorinsa takunkumi, safar hannu da takalmin roba, ku ce wa mai kula maku da ginin ya aiko maku hotonsu sanye da su, kamar yadda yake aiko maku hoton katanga.

A shirinmu na lafiya mai zuwa za mu buɗe layi kan wannan batu. Muna so mu ji daga waɗanda suka yi aikin da kansu, na masana'anta da na shago da na bakin hanya: shekara nawa kuka yi, a wane sashe, an taɓa auna numfashinku, kuma an ba ku takardar a hannu? Wanda ba ya so a faɗi sunansa, ba za mu faɗa ba.